Ruwa Ya Yi Gyara

Ni ba na son doguwar gaisuwa. Tun ina ƙarama aka san ni da haka, an yi faɗa har an gaji. Idan na kira mutum a waya, abin da ya sa na kira shi nake fara faɗa, gaisuwa ta biyo baya in an samu sarari. Da na gama sakandare a Haɗeja na samu shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai na ga kamar don ni aka gina wurin. A rediyon jirgi ba a tambayar kwanan iyali. Ka faɗi ko kai wane ne, inda kake, da abin da kake so, ka saki maɓalli. Na hasumiyar filin jirgi ya ba ka amsa, ka maimaita masa, magana ta ƙare. Na ce yawwa, ashe akwai inda ake magana irin ta masu hankali.

A ƙarshen wata damina lokacin doguwar solo ya zo. Solo ita ce tashin da ɗalibi yake yi shi kaɗai, kujerar malami babu kowa. Ƙananan na riga na yi su, irin wanda za ka tashi ka zagaya filin makaranta ka sauka. Doguwar ita ce magana. Za ka bar garin ɗungurungum, ka je ka sauka a waɗansu filaye biyu, ka dawo ba tare da ka ɓata ba. In ba ka yi ta ba, babu lasisi. Kuma ba a barinka ka yi ta sai malaminka ya bi hanyar tare da kai, ya ga ka iya, ya sa hannu. A makarantarmu gwaji biyu ake ba mutum. In ka faɗi na biyu, a mayar da kai baya ka bi 'yan ajin ƙasa. Na ga yadda waɗanda aka mayar suke ƙarewa, jaka suke haɗawa su tafi gida.

Malamina wani dattijo ne Bakatsine, mai furfura a gemu, mai rowar magana. Kyaftin muke ce masa. Tun ranar da ya ji daga inda na fito bai ƙara kiran sunana ba, sai Bahaɗejiya. Da ma tsakaninmu da Katsinawa akwai wasa, shi kuwa ya riƙe abinsa da hannu biyu.

Hanyoyi uku ya shimfiɗa min a kan taswira ya ce in zaɓa. Ɗaya daga ciki tana miƙewa gabas, a yi kwana a kan Haɗeja, a je a sauka a filin jirgin babban birnin jiharmu. Ban ma kalli sauran ba.

Na ce, "Wannan. Ƙasarmu ce, ko ido rufe zan bi ta."

Ya ce, "Bahaɗejiya, ku da ido buɗe ma ya kuka ƙare?"

Ga yadda aikin yake. Akwai na'urar da ke nuna hanya a jirgin, amma ranar gwaji Kyaftin takarda yake liƙa mata. Abin da ya rage maka taswira, kamfas, agogo da idonka. Tun a ƙasa za ka ja layi da fensir, ka zaɓi alamomin da za ka gane daga sama: gada, mahaɗar titi, gari, kogi. Kowace alama ka rubuta lokacin da ya kamata ta bayyana. In ta bayyana, kana kan hanya. In ba ta bayyana ba, ka fara neman kanka.

Sauran ɗalibai suna ta wahala da garuruwan da ba su taɓa ji ba. Ni kuwa kamar ina zana tsakar gidanmu. Na sa Kogin Haɗeja. Na sa lanƙwasar da yake yi ta wajen Auyo, inda fadamun shinkafa suke. Sai na ɗiga wani ɗigo da fensir a inda taswira ba ta nuna komai ba. Ƙauyen kakata ne, wadda muke kira Iya, mahaifiyar Inna. A hannunta na tashi har na isa shiga sakandare. Masu taswira ba su san da ƙauyen ba, amma yana da masallaci mai koren kwano da tankin ruwa fari a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Na ce wannan ko makaho ya gan su.

Kyaftin ya duba aikina ya daɗe. Ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin kogin.

"Kogi a ƙarshen damina ba a ba shi amana. Kin tambayi mutanen gida?"

"Zan tambaya."

"Yanzu."

Na fita bayan ajin na kira Inna, ita tana zaune a cikin garin Haɗeja.

"Inna, ya kogi yake?"

"Auta, ba sallama ba gaisuwa? Kin tashi lafiya? Ya karatu?"

"Lafiya lau. Inna, kogi nake tambaya."

"To. Ruwa dai ya yi gyara."

"Madalla. Wajen su Iya fa?"

"Can ma ya yi gyara. Ya yi gyara ƙwarai."

"To shi ke nan, ana jirana."

"Auta..."

"Zan kira ki anjima."

Na kashe. Tun da na buɗi ido, duk damina in aka ce ya ruwa, ya yi gyara ake cewa. Iya ta faɗa, liman ya faɗa, mai kanti ya faɗa. A kunnena ba ta da bambanci da lafiya lau. Na koma na ce wa Kyaftin, "An ce lafiya ƙalau." Ya ɗaga kafaɗa, ya ce mu haɗu da safe.

Safiyar ta yi kyau, sama tas, iska kwance. Na zagaya jirgin, na duba mai, na duba fukafukai da tayoyi, muka tashi. Alamar farko ta zo a kan lokacinta. Ta biyu ma haka. Kyaftin ya naɗe hannu a ƙirji kamar wanda ya hau motar haya. Har na fara tsara abin da zan ce masa in mun sauka, a kan Katsinawa da yawan tsoro.

Lokacin kogi ya yi. Na leƙa gaba ta gefen hancin jirgi, ina neman siririn layi mai ƙyalli da bishiyoyi a bakinsa.

Babu kogi. Ƙasar ce gaba ɗaya ta ƙare.

Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Gonakin gero da dawa suna tafe a ƙarƙashina, kore, kore, sai kawai suka yanke, ruwa ya karɓa. Daga nan har inda idona ya tsaya ruwa ne, dama da hagu, rana ta faɗo a kansa tana kashe ido. Na duba kamfas. Na duba agogo. Na duba taswira, ga shuɗin layina nan siriri kamar zare. Abin da ya fara zo min shi ne na ɓata, na yi gabas da yawa, na kai mu wani tafki da ban san da shi ba. Na kalli Kyaftin. Gaba yake kallo.

Sai idona ya fara rarrabe abubuwa. Waɗancan dunƙulallun kore da ke yawo a kan ruwa kawunan bishiyoyi ne. Waccan doguwar shimfiɗa kacala ce, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun ina yarinya. A wasu wuraren ruwan ba shi da zurfi, ana hango murabba'in gonaki a ƙarƙashinsa, kowace da kunyarta, kamar tabarmar da aka jiƙa a bakin rafi aka manta da ita. Shinkafa ce. Shinkafar da ta kusa yanka.

Daga nan na ga tankin.

Yana tsaye, fari, amma ƙafafunsa sun gajarce. Kusa da shi koren kwanon masallaci, a kwance a kan ruwa kamar faifai. Na fara lissafi daga masallacin. In ka fito ƙofarsa ka yi dama, sai gidan mai unguwa, sai lungu, sai gidan Iya mai dalbejiya a ƙofa. Ga dalbejiyar, rabinta. Gida babu. Ba wai ya nutse ana ganin rufinsa ba, babu shi. Ginin ƙasa ne, ya narke. Wani kwalekwale yana ratsawa ta daidai inda ɗakin da aka yaye ni yake.

Can gefe titin kwalta ya bi ta kan tudu, shi kaɗai ruwa bai hau ba. A kansa mutane suke. Tabarmi, gidajen sauro, zana, awaki, tukwane, hayaƙi, a jere har inda titin ya karye. Ina kallo suka fara miƙewa. Suka fara ɗaga hannu. Mata suka kwance mayafai suna kaɗawa. Har fuskokinsu na fara gani, sai nake ta dubawa ɗaya bayan ɗaya, ina neman wata gajeriyar tsohuwa.

Da Turanci muke aiki a sama. Amma a ranar, da Hausa Kyaftin ya daka min tsawa.

"Saki jirgin nan! Na ce saki!"

Ashe ya yi ta faɗa min tsayin da jirgi yake ban ji ba. Ashe tun da na ga tankin nake tura hancin jirgi ƙasa, hannuna yana bin idona. Na kalli allurar tsayi. Mun sauko har ƙasa da inda doka ta yarda a bi ta kan mutane. Ya tura mai, injin ya yi ruri, muka hau, ya juya mu gida. Ko filin da za mu sauka ba mu je ba. 

A inuwar rumfar jirage ya tsayar da ni.

"Me aka ce miki a waya?"

"An ce lafiya."

"Ba fassararki na tambaya ba. Me aka ce?"

"An ce ruwa ya yi gyara."

Ya cire gilashinsa ya kalle ni.

"Haka kawai?"

"An ce ya yi gyara ƙwarai."

"Inna lillahi. Bahaɗejiya, a bakin kogi aka haife ki, sai ni mutumin tudu zan koya miki Hausar ruwa?"

Na buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Ɓatan alama ba ya dame ni, kowa yana ɓata alama. Kin saki jirgi kin tafi neman kakarki. Da ke kaɗai ce, da yanzu kina tare da ita. Saura miki gwaji ɗaya. In kina so in canza miki hanya, ki yi yamma, can babu kowa naki. Je ki gida ki dubo su, in kin dawo ki faɗa min."

Ina barin wurin na kira Inna. Ban yi sallama ba, wannan karon da gangan.

"Gidan Iya ya rushe kika ce min ruwa ya yi gyara?"

"Wa ya gaya miki?"

"Da idona na gani! Ina Iya?"

"Tana nan lafiya, tana bakin titi da mutanenta. Na yi na yi ta taho gari ta ƙi, wai ba ta barin awakinta."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Auta, na faɗa miki. Na kuma faɗa miki. Na buɗe baki zan ƙara, kika ce ana jiranki."

"Gyara kika ce! Gyara!"

"To me ake cewa?"

"A ce ya yi ɓarna! A ce ya ci gari!"

"A'uzu billahi. Ke dai bakin nan naki. Ki taho, sai ki faɗa wa Iya haka da kanki."

Na hau mota. Haɗeja na same ta a tsaye amma a tsorace. Duk bakin jingar da ta tare ruwa daga gari an jera buhunan yashi, maza suna ta ƙarawa, kowa wandonsa a naɗe. Na ajiye jaka a wurin Inna, na hau acaɓa har inda titi ya karye. A nan Kawu, ƙanin Inna, yake jirana da kwalekwalensa. Manomi ne, in ruwa ya zo ya zama masunci.

"A'a, direban sama! Yau kuma a namu jirgin?"

"Kawu, sannunku."

"Yawwa. Shigo da bismilla, wannan ba shi da bel."

Daga sama ruwan yana ƙyalli. A ƙasa ja ne, yana wari. Muna tafe Kawu yana ta ba ni shawara, don Inna ta gaya masa na ɓata a sama. Wai in na zo in nemi tsamiyar nan mai rassa biyu, in bar ta a hannun dama, in miƙe sai wurin da motar taki ta taɓa kafewa. Na ce Kawu, daga inda nake tsamiya da kuka duk ɗaya ne. Ya ce to lallai aikin naku na masu ƙarfin hali ne.

Can ya daina tuƙi.

"Ɗaga ƙafarki, kina taka mana shinkafa."

Na ɗauka wasa yake. Ya zura hannu cikin ruwa har kafaɗa, ya finciko damƙi guda. Zangarniya ce cikakkiya, ta yi baƙi, tana yauƙi. Ya juya ta, ya shinshina, ya mayar da ita ruwa a hankali kamar mai sakin ƙaramin kifi.

"Bana har na yi cinikin buhunan zubawa," ya ce. Ya ɗauki filafili muka ci gaba.

Iya na same ta a ƙarƙashin zana biyu da aka jingina, awakinta uku a ɗaure a jikin wata alamar titi. Tana sarrafa tarwaɗa a kan wuta. Kifi kam ya samu, ko'ina ƙamshinsa. Ta ɗago ta ƙare min kallo.

"Wa nake gani kamar mai tuƙa iska? An kore ki ne?"

"Saura kaɗan."

"Da ma na faɗa, mutumin da bai iya tuƙa tuwo ba."

Na durƙusa na gaishe ta. Kayanta duka suna bayanta: akwatin ƙarfe, buta, tabarma, ƙwarya biyu. Gadonta na ƙarfe mai rumfa, wanda muka kwana a kai shekara da shekaru, babu.

Na ce, "Iya, wannan ne gyara?"

Ta juya kifinta.

"Wannan ne gyaran? Gida ya tafi, gona ta tafi, kina kwana a kan kwalta!"

"Rage murya, ba a kanki aka fara ba."

"Ni dai a kira abu da sunansa."

"To kira shi. Ga shi nan a gabanki, kira shi." Ta nuna ruwan da wuƙar hannunta. "Ni da shi na yi alwala da asuba. Shi na tace na sha. Kifin nan da za ki ci yanzu ki lashe hannu, shi ya kawo. In zage shi da safe, in ɗebe shi da rana? Ke da kike da famfo, zage shi."

Ban yarda ba, har yau ban gama yarda ba. Amma na ci kifin.

Muna ci take ba ni labarin zaman titi. Wanda ya yi minshari aka ji shi har ƙarshen layi. Akuyar da ta haihu a cikin kwalekwale. Sai ta yi dariya ta ce:

"Ai mun ga abu ranar nan. Wani ɗan ƙaramin jirgi ya zo mana, irin naku. Da farko aka ce masu feshin tsuntsayen jan-baki ne, aka ce feshin me, tsuntsun ma ya rasa abin ci. Sai ya sauko, ya sauko, har muna ganin tayarsa. Aka ce wallahi na gwamnati ne, an zo a ga yawanmu. Mai unguwa ya ciro babbar rigarsa daga buhu ya saka. Maƙwabciyata ta bar tukunya a wuta ta ƙone, tana kaɗa mayafi. Ni kaina da tsufana sai da na ɗaga buta. Aka ce tunda jirgi ya gan mu, motar kaya tana tafe. Ranar babu wanda ya fita kamun kifi. Muka share titi, muka zauna a layi har rana ta faɗi."

Na tambaye ta:

"Me ya zo?"

"Sauro."

Na ajiye kifin. Na ce, "Iya, ni ce."

"Ke ce me?"

"Jirgin. Ni ce a ciki. Ke nake nema."

Ta tsaya da tauna. Ta kalle ni, ta kalli sama, ta sake kallona. Na ga ta waiga dama da hagu ko wani ya ji.

"Ke ce kika sa ni ɗaga buta?"

"Ni ce."

"Ko ƙullin gishiri ba ki jefo ba?"

"Iya, ba a buɗe..."

"Yi min shiru." Ta matso har ina jin hayaƙin da ke jikin zanenta. "Kada ki kuskura ki faɗa wa kowa a nan. Har yanzu mai unguwa cewa yake sunanmu yana can sama, an rubuta. Bar shi da abinsa. Za ki sake biyowa?"

"In an bar ni."

"To ki bi ta can ƙoli, inda jiragen Makka suke bi. Kada ki ƙara sauko mana. Mutum yana zaune da haƙurinsa, ki zo ki tayar masa da tsaye."

A mota ina komawa na yi ta juya maganar yamma. Can babu ruwa, babu kowa nawa, garuruwa a bushe kowanne a inda taswira ta ce. Da na bi ta da na wuce lafiya, na sani. Amma na san kuma duk ranar da aka ba ni jirgi aka ce gabas, wannan hannun nawa yana nan yana jirana.

Na samu Kyaftin na ce, "Hanyar nan dai."

"Taurin kai ko dalili?"

"Duka."

Na zauna na sake aikin daga farko. Na goge kogi daga cikin alamomina, na goge lanƙwasa, na goge fadama. Na sa abin da ruwa bai iya ɓoyewa ba: bakin da gonakin tudu suka yanke, titin kwalta, dogayen ƙarafan sabis na waya, gada, da garin Haɗeja kansa a dunƙule a bayan jingarsa. Ɗigon fensir ɗin nan na kai magogi kansa na fasa.

Kyaftin ya gan shi.

"Wannan fa?"

"Ba alama ba ce."

"Mece ce?"

"Kakata ce."

"Kakarki ba ta cikin aikin gobe."

"Ita ma haka ta ce."

Na kuma shirya abin da zan faɗa, don na san zai tambaye ni. Ɗabi'arsa ce, a kan kowace alama sai ya ce me kike gani. Na tsara amsata da Turancin aiki, gajeriya, a bushe: ambaliya a hagu, ƙauye ya rushe, titi a gaba, muna kan layi. Na yi ta maimaita ta a ɗaki har abokiyar kwanana ta ce in ba zan yi shiru ba in koma baranda.

Muka tashi. Alamar farko, ta biyu. Gonakin tudu suka yanke a daidai lokacin da na rubuta, ruwa ya karɓa. Na san yana nan, na taka shi, na ci kifinsa, ga shi ya sake buɗewa a gabana. Bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi. Na kafe idona a kan allurar tsayi, na leƙa waje, na dawo kan allura. Tankin ya taso ta hagu, ƙarami kamar farar ƙwarya. Daga wannan tsayin titin zare ne kawai, da ɗan hayaƙi a kansa. Ba a ganin mutum. Ba a ganin mayafi.

"Me kike gani a hagu?" in ji Kyaftin.

Na buɗe baki in faɗi abin da na haddace. Kalmar rushewa tana nan a kan harshena, ga dalbejiyar Iya tana shigewa ƙarƙashin fiffike. Abin da na ji ya fito ta cikin abin kunnena, da muryata, da Hausa, shi ne:

"Ruwa ya yi gyara."

Ni kaina sai da na firgita. Ban shirya ta ba, ban yarda da ita ba, ita ce kawai ta iya wucewa ta maƙogwarona ba tare da ta ja hannuna ƙasa ba.

Kyaftin ya leƙa hagu. Can ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Sai ya koma Turanci. "Tsayinki?"

Na duba. Allura ba ta motsa ba. Na faɗa masa tsayina, na faɗa masa titi yana gaba, gada tana dama, Haɗeja za ta zo a kan lokaci. Ta kuwa zo. Na yi kwana a kanta, na kira hasumiyar filin da za mu sauka, na ajiye jirgin a kan titinsa, tayoyin suka ɗan yi ƙara kaɗan. Muka sake tashi, muka sauka a na biyun, muka dawo gida. Duk tafiyar bai taɓa sitiyari ba.

A rumfar jirage ya jingina takardata da jikin jirgi ya sa hannu. Bai kalle ni ba.

"Gobe ki je ki ɓata ke kaɗai, Bahaɗejiya. Ni na gaji da ganin ruwanku."

Na fita bayan aji na kira Inna. Na yi sallama. Na ce ina wuni, ya gida, ya jama'a, ya aka ji da ruwa.

"Auta? Lafiya? Me ya faru?"

"Gaisuwa nake yi."

"Ke dai faɗi abin da ya sa kika kira, kin sa gabana yana faɗuwa."

"An sa min hannu. Gobe da safe zan tashi ni kaɗai. In Kawu ya shigo gari, a ce ya gaya wa Iya zan biyo ta kansu."

"Alhamdu lillahi! To su fito su tsaya ta ina?"

"Kada su fito. Ba za su gan ni ba, ba za su ji ni ba."

"To in ba za ta gan ki ba, me za a gaya mata?"

"A gaya mata haka ɗin. Ta sani."

Da safe na zagaya jirgin, na duba mai, na duba fukafukai. Na ɗaure bel ɗin kujerar Kyaftin a kan babu kowa, don kada ya yi ta lilo, na ɗora taswirata a kai. Ɗigon yana nan. Da na iso kansa na leƙa sau ɗaya, na ga hayaƙi yana tashi daga titi, wani ya hura wuta. Na dawo da idona kan allura, na jira Haɗeja.